Afaretan da Yake Buga Masinja da Kunne

A otal ɗin da ke kallon tashar jirgin ƙasa akwai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matattakala, tsakanin wurin karɓar baƙi da ma'ajiyar tawul. Ba shi da taga, kuma mai aiki a cikinsa bai taɓa neman a fasa masa ita ba. Shekara talatin da ɗaya yana zama a nan: allon wayoyi a gabansa, iyafis a kunne ɗaya, gorar ruwa a hannun dama, sandarsa a jingine bayan ƙofa. Kowa Afareta yake ce masa, tun daga manaja har mai wanke kwanuka. Yakan ce manajoji bakwai ya gani a otal ɗin, sai ya ɗan dakata ya ƙara da cewa, "Gani dai irin nawa."

Makaho ne, amma ba da makanta aka haife shi ba. Yana da shekara goma sha tara wani zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku. Ya tashi da ciwon kai, ganinsa ya yi ta raguwa kamar fitilar da mai ya ƙare mata, cikin wata biyar ya ɗauke gaba ɗaya. Daga nan ya shiga ɗaki ya ƙi fitowa. Mahaifiyarsu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza.

Ɗaki ɗaya suke kwana da wansa, bakanike, wanda ya girme shi da shekara biyar. Yaya ba mutum ne mai iya lallashi ba. Wata rana wani mai mota da ya ji daɗin aikinsa ya ba shi kyautar tsohon akwatin gem da kaset ɗaya. Ya kawo gida ya jona a ƙaramar talabijin ɗinsu, kullum in ya dawo daga gareji sai ya zauna a bakin katifa ya yi ta bugawa kafin a kira su cin abinci. Har yau yana rantsuwa ba don ƙanensa ya kawo ba, don kansa ya kawo.

Sunan gem ɗin yana da wuyar faɗa, don haka a gidan Masinja ake ce masa. Wani ɗan mutum ne da jakar wasiƙu a kafaɗa, yana gudu ya ratsa gari. Ya bi ta kan katako, ya hau rufin kwano, ya tsallake ramuka, ya sunkuya wa allunan shaguna, karnuka na kawo masa cafka. Mataki takwas ne, na ƙarshe a kan wata doguwar gada.

Yaya bai iya ba. Rami ɗaya yake faɗawa kullum, ya yi tsaki, ya sake daga farko. Ana cikin mako na biyu, yana tunkarar ramin nan, sai ya ji murya daga kan gado, daga bakin mutumin da ya juya wa duniya baya yana fuskantar bango.

"Yi tsalle."

Yaya ya faɗa ramin, sannan ya waiwayo. "Kai da wa?"

"Da kai. In kiɗan ya juyo, taku uku ne sai rami. Kai kullum sai ka yi huɗu. Kunnena ya gaji da jin faɗuwarka."

"To, malamin tsalle, tashi ka yi mu gani."

Da gatse ya faɗa, sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Amma ƙanen ya tashi zaune ya miƙo hannu. Yaya ya ɗora masa rimot ɗin, ya kama babban yatsansa ya nuna masa maɓallin gudu da na tsalle da na sunkuyawa.

Abin da ƙanen ya gane shi ne, a cikin Masinja komai da ƙararsa, kuma ba ta canzawa. Taku a kan katako daban, a kan kwano daban, a kan kwalta daban. Kare sau biyu yake haushi kafin ya yi cafka, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Kiɗan kansa ɗan gajere ne, yana zagayowa, kuma tafiyarsa ɗaya da tafiyar ɗan masinjan, har mutum zai iya sanin inda yake a titi daga inda kiɗan ya kai. Wata goma sha huɗu ya ɗauka kafin ya ƙetare gadar ƙarshe. Yaya mai ido biyu bai taɓa wuce mataki na biyar ba.

Afareta ba ya yarda a ce gem ne ya fito da shi daga ɗaki. Ya ce zama ne ya ishe shi. Ko ma mene ne, a shekarar ce ya shiga cibiyar koyar da makafi sana'a, ya koyi rubutunsu da aikin waya, daga can otal ya ɗauke shi. A otal ɗin ya samu mata. Tela ce, ita ke ɗinka musu labule da rigunan ma'aikata, kusan kullum sai ta bugo tana neman mai kula da kaya. Mai kula da kaya ba ya zama a ofis, don haka hirar takan ƙare a wurin Afareta. Ta ce daga baya ta gane wani lokacin mutumin yana nan, Afareta ne bai haɗa su ba. Suka haifi 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya, Auta.

Akwatin gem ɗin ya bi shi gidan aurensa. Kowace Lahadi bayan abincin rana sai ya zauna a kujerarsa ta falo, ya buga Masinja daga farko har ƙarshe, awa ɗaya da minti goma. Sau da yawa ko hoton talabijin ɗin ba a gyara ba, yana ta rawa, shi ba ruwansa. Matarsa tana ɗakin ɗinki tana taka keke, in ta ji kiɗan gada sai ta ɗora ruwan shayi. Yaran sun tashi suna jin abin kamar ƙarar agogon bango.

Shekara shida da suka wuce akwatin ya mutu. Dama Yaya ya sha yi masa ɗori da waya da gam. Wannan karon suka kai shi wurin mai gyaran rediyo, ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Wannan sai haƙuri, ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙone." An samo wani na hannu a kasuwa, sai aka tarar kaset ɗin ma tsatsa ta cinye bakinsa. Afareta ya sa duka a cikin rigar matashi ya ɗora saman kabad. Bai yi ƙorafi ba. Ranar Lahadi sai ya koma sauraron rediyo, amma matarsa takan lura da babban yatsansa yana motsi a kan hannun kujera.

Auta ce ta ga tallar. Tana aiki a kantin magani, ranar tana hutun rana tana duba waya, sai ga ɗan masinja da jakarsa. Wani kamfani ne ya sake gina gem ɗin don sababbin akwatuna. Tallar ta ce yana nan yadda aka san shi, ba a rage ko allo ɗaya ba. Ta haɗa kai da yayyenta suka saya, suka ɓoye a gidan Yaya har Lahadi.

Ranar falon ya cika. Aka kunna. Yaya, wanda yanzu furfura ta gama da shi, ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin.

"Kai! Wallahi shi ne! Ga shagon mai allo ja nan, ga fitilar titin da ta karkace. Har karen nan mai baƙin kunne. Sai dai yanzu kamar ka miƙa hannu ka shafa shi."

Auta ta ɗora wa babanta rimot a hannu. Ya shafa shi, ya nemo maɓallan, ya gyara zama. Ɗan masinja ya fara gudu, ya faɗa ramin farko. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya sake, ya faɗa. A karo na biyar dariyar ta ragu. A na goma sha ɗaya babu mai motsi a falon. Ya ajiye rimot ɗin a cinyarsa.

"Ba shi ba ne," ya ce.

"Kamar yaya ba shi ba ne?" in ji Yaya. "Ga shi ina kallo. Ramin yana inda yake. Gani ya kori ji, ƙanena."

"A gidan nan ji ne ya kori gani, Yaya. Kama da wane ba wane ba ne. Saurara. Kana jin takunsa? Ni ba na ji. Sun zuba iska, sun zuba tsuntsaye, ga mota na wucewa, ga mutane na surutu a baya. Kiɗan kuma sun ba wa mutum hamsin suna yi, ya yi daɗi, amma ba ya tafiya da ƙafarsa. Karen nan ɗazu sau uku ya yi haushi, yanzu sau ɗaya. Kuma in na danna tsalle ba ya tashi nan take, akwai abin da yake yi tukuna."

Auta ta karɓa ta danna tana kallo. "Gaskiya ne, Baba. Yana ɗan lanƙwasa gwiwa kafin ya tashi."

"To ai haka mutum yake yi," in ji Yaya. "Gyara ne."

"Wanda na sani ba shi da gwiwa," Afareta ya ce.

Suka yi ta musu har shayi ya huce. Yaya ya ce tsufa ne kawai, yatsa ya yi sanyi, ana ɗora wa kamfani laifi. Afareta ya ce wanda bai taɓa wuce mataki na biyar ba bai isa ya ba da fatawa ba. Da za a watse ya kira Auta, ya riƙe hannunta, ya yi mata godiya ita da yayyenta. Ta ji godiyar ta fi faɗa zafi, ta shiga kicin ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Kwana uku Afareta bai sake taɓa rimot ɗin ba. Ranar Laraba da ya dawo daga aiki ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki.

"Uwargida, ki ɗan ajiye almakashin nan ki samo biro."

"Wa za mu rubuta wa, Malam?"

"Mutanen nan. Ba zagi ba ne. So nake in gaya musu abin da suka gina, don na ga alama ba su sani ba."

Yamma huɗu suka yi a kan wasiƙar. Ya gabatar da kansa a layi biyu, sannan ya bi mataki na farko tun daga ƙofar gidan waya har ƙarshen titi, duk da ka. Taku goma sha ɗaya a kan katako, kiɗa ya juyo, taku uku, tsalle. Taku takwas a kan kwano, ƙararrawar shago, sunkuya. Haushi biyu, tsalle. Inda ya yi kokwanto sai matar ta rera masa kiɗan da hanci, don ita ma shekara ashirin da wani abu ta yi tana jin sa ta bango. Wasiƙar ta ci shafi shida. A ƙasa ya sa ta rubuta: "Kun ce ba ku rage ko allo ɗaya ba, kuma wana ya shaida haka. Amma ni ba alluna nake bi ba. Titin da nake bi kun binne shi." Ya ba da lambar otal, don ya ce nan ne ba a taɓa rasa shi.

Auta ta buga ta aika ta imel. Nan take amsa ta dawo, irin wadda inji ke bayarwa, ana gode masa da ra'ayinsa mai muhimmanci. Yaya ya ce, "To ka gani. Ka jefa tsakuwa a teku." Afareta ya ce dama bai ce kifi zai kama ba.

Bayan mako bakwai, wata Talata da hantsi, layin waje ya yi ƙara. Ya ɗauka, ya faɗi sunan otal kamar kullum, ya tambayi ɗakin da ake nema.

"Ba ɗaki nake nema ba," in ji wata murya ta mace, daga nesa sosai. "Afaretanku nake nema."

"Bari in duba ko yana nan," ya ce. Ya kurɓi ruwa daga gorarsa. "Kin yi sa'a, yana nan."

Ta ce ita ce mai haɗa sauti a cikin waɗanda suka sake gina gem ɗin. Wasiƙarsa ta yi yawo daga tebur zuwa tebur kafin ta iso hannunta. Ta ɗauko tsohon gem ɗin a ma'ajiyarsu, ta kunna, ta rufe ido tana bin abin da ya rubuta. Ta ce duk ya yi daidai, ban da wuri ɗaya: kwanon da ya ce taku takwas, tara ne.

"Takwas ne," ya ce.

Ta kara wayar a lasifika ta kunna masa. Shekara shida rabonsa da wannan ƙara. Ya ji ta kamar wanda ya ji muryar tsohon abokinsa a cikin kasuwa. Amma bai fasa ƙirgawa ba.

"Tara ne," ya ce. "Kin fi ni gaskiya. Ashe yatsana ya fi bakina sani."

Sun kai minti arba'in suna magana, yana yi yana cewa ta riƙe layi, ya haɗa wani baƙo da ɗakin cin abinci, ya dawo. Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce da suka zauna tsara aikin, sun auna kowane gini da kowane rami, sun yi gardama har a kan launin jakar ɗan masinja, amma sauti kowa ya ɗauka tsohon ya zama abin kunya, sai a yi sabo. Ta ce za ta iya sa zaɓi a cikin gem ɗin wanda zai dawo da tsofaffin ƙararraki, ya kashe iska da tsuntsaye, ya ɗaure kiɗan da gudun. Amma gwiwar nan ba za ta taɓu ba, don a kanta aka auna faɗin dukkan ramukan.

"Ke nan kan tsohon za ku ɗora a jikin sabon."

"Kusan haka ne, Baba."

"To da babu gara ba daɗi. Ɗora."

Sai da aka yi wata huɗu kafin gyaran ya iso. A tsakani ta sake bugowa sau biyu, tana kunna masa abu tana tambaya ko ya yi. Sau ɗaya ya ce mata ƙararrawar shagon ta yi kauri, ta gyara. Ranar da abin ya zo Auta ta sauke shi a akwatin, ta shiga wurin zaɓi, ta danna. Tsohon kiɗan ya cika falo, siriri, kamar ana busa shi ta cikin kara. Daga ɗakin ɗinki keke ya tsaya.

Afareta ya faɗa ramin farko sau biyu. A na uku ya wuce. Sai da ya koyi danna tsalle rabin taku kafin inda hannunsa ya saba, kuma hannun da ya shekara kusan talatin yana abu ɗaya ba ya jin magana da wuri. In ya natsu sai ya yi daidai, in daɗin wasan ya ɗebe shi sai tsohon hali ya dawo, ɗan masinja ya lanƙwasa gwiwa a bakin rami ya zurma. Yaya yakan zo ya zauna yana kallo, yana yaba yadda rana ke faɗuwa a bayan gine-gine. Har yau ba su daidaita ba. Yaya ya ce gem ɗaya ne aka yi masa wanka. Afareta ya ce ɗan marigayin ne, ya ɗebo kamanni da murya, amma tafiyarsa tasa ce. In aka tambaye shi wanne ya fi, sai ya ce wancan ya san shi, wannan kuma suna kan gaisawa.

Cikin wata biyar ya kai mataki na shida, na cikin kasuwa, a nan ya cije. Akwai wurin da kekuna biyu ke fitowa a jere, ga rami a bayansu, gwiwar nan ba ta ba shi sarari.

Ana haka wani mutum ya bugo otal yana neman sa. Malamin makaranta ne a wani gari mai nisa, shi ma makaho, ya girmi Afareta da shekara biyu. Mai haɗa sautin ce ta ba shi lambar, bayan ta nemi izini. Bai taɓa buga tsohon Masinja ba, da sabon ya fara, tun da aka sa zaɓin nan jikarsa ta nuna masa. Shi ma kekunan kasuwa ne suka tsayar da shi, an ce masa ga gwani.

"An yi maka ƙarin gishiri," in ji Afareta. "Ni ma a nan nake kwana."

Suka yi dariya, suka yi alkawari duk wanda ya riga wucewa zai gaya wa ɗan'uwansa. Bayan kwana goma sha biyu malamin ya bugo yana haki kamar shi ya yi gudun. Ba tsalle biyu ake yi ba, in ji shi, ana tsayawa ne cak bayan keken farko, a bar na biyu ya wuce, sannan a ɗauki ramin da gudu. A tsohon gem ɗin babu wanda ke tsayawa a wurin, shi ya sa bai taɓa zuwa wa Afareta a rai ba.

Afareta ya taya shi murna sosai. Da ya koma gida ya ɗan taɓa abinci ya ture kwanon, matarsa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce lafiyarsa ƙalau, wani sabon shiga ne ya riga shi. Ranar Lahadi ya gwada, ya tsaya cak inda aka ce ya tsaya, keke na biyu ya wuce, ya tsallake ramin. Litinin da safe, kafin baƙi su fara neman ruwan zafi, ya buga wa malamin ya ce abin ya yi, kuma ya shirya, don mataki na bakwai duk rufin kwano ne, shi kuma a kan kwano ba a riga shi.